Daga Motar Kara Zuwa Motar Katako: Tarihin Tseren Gangare da Rabon Yaranmu na Apo

Shimfiɗa

 

Yau ina so mu taɓa tarihin wani abu da na san wasu za su ce shirme ne, wato motar wasan yara. Ina nufin motar da yaro ke ƙerawa da hannunsa, ya gyara ta, ya kai ta bakin gangare ya sake ta, ba inji ba batir, ta yi tsere da ta abokinsa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa kafin zuwan wayar salula ya san ta, ko dai ya ƙera da kansa, ko kuma ya yi ta kuka har yayansa ya ƙera masa. A Amurka kuwa wannan wasa ya haura shekara 70 da zama gasa sosai, mai dokoki da alƙalai da sikelin awo, kuma har yau ana yi.

Abin da ya sa na ga ya dace mu waiwayi wannan tarihi shi ne, mu nan Apo muna maƙwabtaka da ɗaya daga cikin manyan matattarar makanikai da 'yan sifiya na Abuja, amma in ka tara yaran unguwarmu goma ka ba su tsohon silifa da reza ka ce su fitar maka da taya huɗu masu zagaye daidai, da wuya ka samu biyu da za su iya. Mai karatu ya biyo ni sannu a hankali, zai ga cewa maganar ta wuce wasa.

Kafin mota akwai dokin kara

Yaro ba ya ƙera abin da bai taɓa gani ba. Kafin mota ta shigo ƙasarmu, abin hawan da yaro ya sani shi ne doki da jaki da raƙumi, don haka su yake ginawa da yumɓu, ko ya sami dogon kara ya lanƙwasa kansa ya ɗaura linzamin igiya ya hau, ga dokin kara ya samu. 'Yan mata kuma suna can da 'yar tsana da tuwon ƙasa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sannan jirgin sama ya fara sauka a can a watan Nuwamba na 1925, manyan motocin ɗaukar gyaɗa da auduga kuma suka soma ratsa ƙauyuka zuwa tashoshin jirgi, sai idon yaro ya sami sabon abin kwaikwayo. Hannun da ya saba da dokin kara shi ne ya koma ƙera mota.

In ka lura, tarihin motar yara yana bin sawun tarihin manyan motoci ne sau da ƙafa. Waɗanda suka girme mu babbar mota mai bodin katako suka fi ƙerawa, har da tsanin hawa da wurin zaman karen mota. Mu kuma da muka taso bayan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, sai muka koma kan 504 da a-kori-kura da roka da tifa. A tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 Nijeriya tana da wuraren harhaɗa motoci a Kaduna da Legas da Ibadan da Inugu da Bauchi da Kano, kuma yaron wancan lokaci yana iya gaya maka sunan mota daga jin kukanta tun ba ta ɓullo kwana ba.

Kayan aiki su ma sun yi ta sauyawa da zamani. Yaron ƙauye kara ne jarinsa. Yaron birni, musamman wanda ke kusa da kasuwa ko kanti, shi ya fito da motar langa-langa, wato siraran ƙarfen nan da ake ɗaure dilar kaya da shi, da motar gwangwanin madara, da ta kwalin sukari mai tayar murfin kwalba, da motar waya mai dogon sitiyari da mutum zai riƙe yana tafe yana tuƙi. Daga Zariya ka yi kudu, inda tukurwa ta fi yawa, har zuwa nan ƙasar Gwari, gwangwala ake fafewa a yi mota da ita. Can sama da su duka akwai motar boris, wadda ake yi da falanki da tsofaffin boris na mota, yaro ya zauna a kai a tura shi, ko ya sulalo daga tudu. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Malawi da maƙwabtanta ana kiran motar wayar yara galimoto, har wata marubuciya Ba'amurkiya mai suna Karen Lynn Williams ta yi littafin yara da wannan suna a 1990.

Yadda muke haɗa ta a garinmu

A garinmu da ke ƙasar Katsina, lokacin motar kara shi ne bayan kaka, in an girbe dawa kara ya bushe, hunturu ya fara busawa. Ba kowane kara ke yi ba. Na gero siriri ne, totuwarsa ba ta da auki, don haka na dawa ake nema, miƙaƙƙe, wanda tsutsa ba ta huda ba. Kara kuwa yana da masu shi, da shi ake danga, da shi ake girki, da shi ake gadon kara, shi ya sa yaran da suka sha bulala a kan zare kara daga dangar mutane ba su ƙirguwa.

Za ka ɓare ɓawon karan a hankali, domin kaifinsa bai da maraba da na reza, duk maƙerin motar kara yana da tabo a yatsa. Totuwar ita ce katakonka, ɓawon kuma in ka tsaga shi siri-siri ka fiƙe bakinsa shi ne ƙusarka. Wurin da ke son ƙarfi sai ka sa ƙayar aduwa. Da haka ake tayar da gindin mota, a ɗora kai, a ɗora bodi, har da ƙofa mai buɗewa ga wanda ya ƙware.

Amma duk wannan ado ne. Ranar tsere taya ce ke magana. Mukan yi ta da sakaina, wato fasasshiyar ƙwarya, daga baya da silifa ya yawaita muka koma kansa. Ka kafa tsinke a tsakiya, ka ɗaura zare da guntun gawayi ka zagaya, ka yanke, sannan ka zauna bakin dutse kana gogawa kana juyawa har ta yi sumul. Ramin tsakiya da waya mai zafi ake huda shi, in ya kauce ko da kaurin tsinken tsintsiya ne, motarka za ta riƙa ɗingishi. Sandar da tayoyin ke kai, wayar tayar keke ta fi kowace kyau, mukan zura ta cikin bututun tsohon biro don ta juya ba tare da ta ci totuwa ba. Wasu kan ɗiga man gyaɗa, amma manyanmu sun hana mu, don mai yana kama ƙura, kafin zagaye uku taya ta cije. Sai kuma lodi. Kowa ya san motar da ba kaya iska ke wasa da ita, don haka mukan ɗora dutse, kuma mun gano da kanmu cewa in dutsen ya matsa baya kaɗan motar ta fi zafi a gangare, in ya cika baya kuma kanta ya ɗaga ta kife.

Filin tserenmu gangaren kududdufi ne in ruwa ya janye. A ja layi a ƙasa, kowa ya riƙe tasa da yatsa ɗaya, babban yaro ya ƙirga uku a saki. Wanda ya tura an kore shi. Ba a ba da kofi, ladan kawai shi ne gobe ƙananan yara su kawo maka nasu kara ka duba musu.

Akwatin sabulu da katakon fain

Yanzu bari mu leƙa Amurka mu ga yadda irin wannan wasa ya kasance a hannunsu. A 1933, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya karye, wani mai ɗaukar hoto na jarida a garin Dayton na jihar Ohayo, sunansa Myron Scott, ya ga wasu yara suna sulalowa daga tudu a cikin motocin da suka haɗa da tarkacen katako, kamar dai motar boris tamu. Maimakon ya kore su, sai ya shirya musu gasa. A watan Agusta na wannan shekara yara 362 suka fito da motocinsu. Shekara ta zagayo aka mayar da ita gasar ƙasa baki ɗaya, kamfanin Chevrolet ya ɗauki nauyi, a 1935 aka kai ta garin Akron, a 1936 aka gina mata filinta na musamman a can. Sunanta Soap Box Derby, ma'ana tseren akwatin sabulu, saboda irin akwatunan katakon da ake danganta motocin farko da su. Chevrolet ya ci gaba da riƙe gasar har 1972. An fara barin 'yan mata shiga a 1971, kuma a 1975 wata yarinya 'yar shekara 11, Karren Stead, ta doke kowa.

Ita wannan mota babba ce, yaro ke shiga ciki. Ƙaramar, wadda ta fi kama da tamu ta kara, ta zo ne daga baya. Wani mutum mai suna Don Murphy, ma'aikacin kamfanin ƙera jiragen sama na North American Aviation kuma shugaban ƙananan 'yan sikawut a garin Manhattan Beach na jihar Kalifoniya, yana da ɗa wanda shekarunsa ba su kai na shiga tseren akwatin sabulu ba. Sai ya yi tunanin a rage motar ta dawo ta tafin hannu, yadda uba da ɗa za su zauna su sassaƙa tare. Ranar 15 ga Mayu, 1953 aka yi gasar farko, yara 55 suka shiga. A shekarar 1954 mujallar 'yan sikawut ta Boys' Life ta ba da labarin, daga nan abin ya bazu ƙasar duka da sunan Pinewood Derby, wato tseren katakon fain.

Abin da ake ba kowane yaro bai taka kara ya karya ba: guntun katako mai laushi guda ɗaya, tayoyin roba huɗu, ƙusa huɗu. Dokokin da aka fi bi su ne, kada nauyin mota ya wuce oza 5, wato kusan giram 142, kada tsawonta ya wuce inci 7, kimanin santimita 18, faɗinta kuma inci 2 da kwata uku, kimanin santimita 7. Ba inji, ba roba mai ja, ba turawa. Ana jera motocin a saman wani dogon allo mai layi-layi, wanda tsawonsa kan kama daga mita 10 zuwa 13, kansa a ɗage sama da ƙasa da kamar mita 1 da 'yan kai. A zare sandar da ta tare su, su gangaro, cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka an gama. Sau da yawa ido ba ya iya raba na ɗaya da na biyu, sai na'ura mai ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Ina gudun yake fitowa?

Nan ne na fi son malaman makaranta da ke cikinmu su saurara. Motar da ba ta da inji, man da take sha ɗaya ne tak, shi ne tsayin da aka ɗaga ta. Ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta, kuma iya nisan da nauyi ya faɗo, iya gudun da zai samu. Daga tsayin mita 1.2, ko da babu abin da ya tare mota, gudunta ba zai wuce kusan mita 5 a daƙiƙa ba, wato wajen kilomita 17 a awa. Kowa daga wannan rumbu ɗaya yake ɗiba. Saboda haka gwanintar duka tana wuri biyu: ka ɗebi iya abin da doka ta yarda, sannan ka hana shi zubewa a hanya.

Masanin nan ɗan Italiya, Galileo, ya yi irin wasanmu na bakin kududdufi, sai dai shi da ma'auni ya yi. Ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a kan katako mai kwari yana auna lokaci da ruwa, ya kuma bayyana sakamakon a littafinsa na 1638. A iliminsa, abu mai nauyi da marar nauyi tare suke faɗowa in babu abin da ya tare su. To me ya sa muke ɗora dutse? Saboda akwai abin da ke tarewa. Iska tana tura mota baya, juya tayoyi ma yana cin nasa kaso, kuma waɗannan biyun ba su ƙaruwa don ka ƙara wa jikin mota nauyi. Mota mai nauyi rumbunta ya fi girma, don haka abin da suka ci a jikinta bai kai ya dame ta ba. Shi ya sa masu gasar Amurka ke cika motarsu har bakin giram ɗin da aka yarda.

Maganar matsar da kaya baya ita ma ga dalilinta. Mota tana tsaye a kan gangare kanta ƙasa, gindinta sama. Nauyin da ke baya ya fi na gaba tsayi, don haka ya fi shi nisan faɗowa, yana ci gaba da tura mota bayan kanta ya riga ya sauka a shimfiɗe. Gwanayen abin sukan sassaƙe katakon ya zama siriri, su tara nauyin a baya, yadda in ka ɗora motar a kan bakin rula za ta tsaya daidai a wurin da bai fi santimita 2 zuwa 2 da rabi gaban tayoyin baya ba. In ya wuce haka baya, gaba ya yi sakayau, mota ta kama rawa. Abin da muka gano da dutse ke nan, su kuma suka sa masa lamba.

Saura hana zubewa. Ƙusar da taya ke juyawa a kai takan zo da 'yan ƙaiƙayi a ƙarƙashin kanta, sai a goge su da magagari, a bi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi har ƙusa ta yi ƙyalli. Ba a cika yarda da mai ba, garin baƙin abin nan da ke cikin fensir ake busawa, don yana da santsi kuma ba ya kama ƙura. Sai saitin taya, abin da makanikanmu na Apo ke kira alaimen: a gangaro da mota a kan tebur mai santsi a ga ina take karkata. Wasu kan ɗage tayar gaba ɗaya ta daina taɓa ƙasa, don taya uku sun fi huɗu sauƙin juyawa. Wasu kuma da gangan suke sa mota ta ɗan jingina da layin tsakiya ta bi shi sumul, maimakon ta riƙa bugun dama da hagu, kowane bugu yana rage mata gudu. Akwai wuraren da dokarsu ta hana wasu daga cikin waɗannan dabaru, don haka kafin a taɓa katako doka ake fara karantawa.

Hannun uba

Kada mai karatu ya ɗauka komai lafiya lau yake a can. Ciwon wannan gasa tun farkonta shi ne iyaye. A 1973, wani yaro ɗan shekara 14 daga garin Boulder na jihar Kolorado ya ci babbar gasar Akron. Bayan kwana biyu aka ɗauki hoton cikin motar da na'urar asibiti, sai ga maganaɗisun lantarki a ɓoye a hancinta. In yaron ya jingina hular kwanonsa baya, wuta ta haɗu, maganaɗisun ya kama farantin ƙarfen da ke tare motoci, farantin yana faɗuwa yana fizgo shi gaba. Aka ƙwace kambun, kuma ya tabbata cewa kawunsa, wani attajiri mai masana'anta, yana da hannu dumu-dumu a ciki. A ƙaramar gasar ma abin ya zama abin dariya a ƙasar, har an yi fim a kai a 2005 mai suna Down and Derby, inda iyaye maza suka ƙwace katakon 'ya'yansu suka mayar da gasar tasu. Wurare da yawa sun warware matsalar ta hanyar ware wa iyaye nasu rukunin, kowane uba ya ƙera tasa ya bar yaro ya sarara.

In ka auna, mu da su kowa da inda ya gaza. Su iyaye sun shiga har sun yi yawa. Mu kuwa iyayenmu, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ba su taɓa ɗaukar motar kara a bakin komai ba, iyaka in an ganka da ita lokacin makarantar allo ka sha rankwashi. Ilimin yana tafiya ne daga babban yaro zuwa ƙarami, babu babban da ya rubuta, babu makarantar da ta ɗauka. Shi ya sa da sarƙar ta tsinke, ta tsinke shiru ba wanda ya ji ƙararta.

To, ina Apo a cikin wannan labari?

Abuja gari ne da aka zana a takarda kafin a gina. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu, 1976, aka ɗauki sunan tsohuwar Abuja ta zuriyar sarakunan Zazzau, ita kuma ta koma Suleja, sannan gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Apo ta samu rabonta: rukunin gidajen 'yan majalisa, da unguwar da aka gina don sake tsugunar da Gwarawan da birni ya ci garuruwansu, da kuma kasuwar makanikai, wadda aka daɗe ana maganar mayar da wasu masu sana'arta Wasa. Mu kuma muka biyo arziki, daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara, har da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram.

Wanda ya zana garin bai zana gonar dawa a bayan gida ba, bai zana kududdufi ba. Yaron da aka haifa a ɗaki ɗaya a Apo bai san banbancin karan gero da na dawa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Motar roba 'yar Sin tana nan a kowane shago, ta karye gobe a jefar. Wayar babansa tana da tseren mota iri-iri wanda babban yatsa kawai yake buƙata. Babban yaron da zai koya masa kuwa, ko yana talla ko yana tura baro.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Dubi sana'o'in mutanenmu a nan: Keke Napep, acaɓa a inda aka bari tun bayan hana shi a tsakiyar birni a 2006, kurar ruwa, baro, tuƙin tifa. Abincinmu duk a kan taya yake. Amma a iya ganina, in ka shiga kasuwar makanikai, mun fi yawa a wajen shayi da tsire da dako da sayen tsohon ƙarfe fiye da wajen kwance inji da sayar da sifiya. Ba ina raina sana'ar kowa ba ne, duk halal ce. Sai dai mai tuƙi yana biyan mai gyara kullum, mai gyara kuwa ba ya biyan mai tuƙi. Alhali ba baiwar ce babu ba. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san abin da hannun mutanenmu ke iyawa. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, daga kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya tafi Detroit, shi ya zana siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, kamfanin nan dai da ya riƙe tseren akwatin sabulu kusan shekara 40. Daga baya ya shugabanci hukumar tsara ƙirar motoci ta ƙasa a nan Abuja daga 2017 zuwa 2023. A 2007 ɗin dai, wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda da tarkacen ƙarfe. Irin wannan hannu tun ana ƙarami yake nuna kansa, in ya sami abin taɓawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shawarata ga jama'a

Ban ce mu kwaso gasar Amurka yadda take ba, kayanta ma sai an yi oda. Abin da nake gani shi ne mu haɗa namu da nasu. A lokacin dogon hutu, wata Islamiyya ko ƙungiyar 'yan gari ɗaya ta ɗauki nauyi. Kafinta ɗaya ya isa ya haɗa allon gangare da falanki, tsawon mita 10, layi uku ko huɗu. Guntayen farin katako da malaina suna nan zube a wurin kafintoci da kasuwannin katako irin na Kugbo da Dei-Dei. Kara kuma a roƙi direbobinmu masu zuwa gida bayan kaka su ɗauro dami biyu, ko a nema wajen manoman hanyar Karshi. A yi rukunin motar kara, a yi na katako, a sa 'yan mata, a kuma ware na iyaye don kowa ya huce a kan tasa. Nauyi ɗaya ga kowa, a auna a gaban jama'a. Doka ta farko ita ce yaro ya iya bayanin abin da ya yi wa motarsa da dalilin yin sa.

Gargaɗi biyu. Na farko, kada a bar yara su hau motar boris a kan kwalta, gangaren Apo ba irin na garinmu ba ne, motocin nan ba su san yaro ba. Ƙaramar mota a kan allo ta wadatar. Na biyu, kuma ya fi muhimmanci, kada kowa ya kuskura ya sa dalma don ƙara nauyi, ko ta tsohon batir ko irin wadda masu saitin taya ke maƙalawa a jikin rim. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ba, inda yara kusan 400 suka rasu. Noti da wosha na ƙarfe sun isa, kuma makanikai za su ba da tsofaffi kyauta.

Kammalawa

Waɗanda suka iya motar kara a cikinmu yanzu duk furfura ta fara fito mana, wasu masu gadi ne, wasu direbobi, wasu 'yan kasuwa, wasu ma'aikatan ofis. In muka tafi da ita a yatsunmu, shi ke nan ta tafi. Don haka ina roƙon duk wanda ya san ya taɓa goge sakaina a bakin dutse, ya ware yammacin Asabar ɗaya, ya tara yaran gidansu, ya ce su kawo tsohon silifa da bututun biro. Ya yi ta farko suna kallo, ta biyu kuma ya naɗe hannunsa ya bar su su ɓata, su sake.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa albarka a hannuwansu, ya kuma mayar da kowa gida lafiya.